Amsar Malam Ƙugiya

Wata guda ke nan Auta ba ta rubuta ko layi ɗaya ba, kuma duk gidan an lura.

Ita da kullum gari na wayewa za ta kafa teburin guga a bakin tagar falo, ta ɗora littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ta kama jan biro ta yi ta zuba rubutu a tsaye har shayinta ya huce. A zaune ba ta iya komai, wai in ta zauna mutanen labarin ma zama suke yi. Littattafan soyayya goma sha ɗaya ta haifa a kan wannan tebur.

Yanzu kuwa guga take yi a kansa. Ta goge kayan Yaya, ta goge labule, yau har tsumman kicin ta ɗauko.

"Ikon Allah," in ji matar Yaya tana leƙowa. "Tunda aka sayi teburin nan bai taɓa yin aikinsa na gaskiya ba sai watan nan. Auta, ko in kawo miki safar yara?"

Auta ba ta yi dariya ba. Yau ne wa'adin da Yaya ya ba ta yake cika.

Shekararta talatin da huɗu. Tun da aurenta na fari ya mutu take zaune a gidan yayanta, wanda shi ne uwa da uba a wurinta tun bayan rasuwar iyayensu. Yaya ba mugu ba ne, ya dai gaji da tsokanar abokai, wai ƙanwarsa tana aurar da mutane a takarda ita ta kasa aurar da kanta. Ga kuma amininsa mai kantin magani, mutum kamili, matarsa ta rasu, ya ce yana so. Ranar da Yaya ya kawo mata maganar ta daure ta ce akwai wanda take so.

"Wa?"

"Mai buga min littafi."

"Wannan mai i'inar? Mai shagon da banɗakina ya fi shi faɗi?" Yaya ya ja tsaki. "Na ba ki wata ɗaya. In namiji ne ya zo ya tsaya gabana ya faɗa da bakinsa, in bakin zai yarda. In bai zo ba, aminina za ki ba amsa, kuma amsar arziki."

Abin da Yaya bai sani ba shi ne, mai buga littafin ma bai san an ambace shi ba. Shekara bakwai yana kwafe mata rubutun hannu zuwa kwamfuta, amma kalmar so ba ta taɓa fitowa daga bakin ɗayansu ba. Duk hirarsu a gefen takarda take.

Auta tana da wani aibi da masu karanta ta ba su sani ba: ba ta sa wa haruffa ƙugiya. K da ƙ duk ɗaya ne a hannunta, haka d da ɗ, ga haɗe kalmomi kamar wadda ake kora. Shi kuwa da ya bar harafi ɗaya ba ƙugiya gara ya wuni bai ci abinci ba. Shi ya sa ta laƙaba masa Malam Ƙugiya. Da yake magana tana ba shi wahala, in ya ci karo da abin da ya shige masa duhu sai ya rubuta tambaya da fensir a gefen shafi.

Tana iya tuna tambayar da ta fara sa ta ɗago kai ta dube shi da kyau. Jarumin wani littafinta ne ya ce wa jarumar, "Ina kishinki." A gefe fensir ya ce: "Kishi ko ƙishi? In kishi ne, tsoron rasa ta yake yi. In ƙishi ne, ganinta yake so. Ni dai na fi yarda da na biyun."

Ta bar masa ƙugiyar. Daga nan ita ma ta fara amsawa da jan biro, yau a yi gardama a kan hali irin na jarumi, gobe ya tambaye ta ko tarin da take yi ya tafi.

Saboda haka da Yaya ya yanke wa'adi, hanyar da ta sani ta bi. A shafin ƙarshe na sabon littafinta ta rubuta: "Yayana ya ba ni wata ɗaya. Ni kai na ambata. Za ka zo ka tsaya gabansa? Amsa min da kalma ɗaya. In ka yarda, ni zan kawo maka ranar da za ka zo."

Bayan kwana biyu ta koma. Ya miƙo mata littafin kansa a sunkuye. Ko ƙarshen layin shagon ba ta kai ba ta raɓe jikin wani gini ta buɗe shafin. Kallo ɗaya ta yi wa amsar. Na ƙi, abin da idonta ya gaya mata ke nan. Ta rufe littafin, ta kawo shi gida ta cusa a kantar littattafai, ba ta ƙara taɓa shi ba.

Kwana uku ta yi tana kuka. Amma Auta ba mai daɗewa a kuka ba ce, tambaya ce ciwonta. Me ya sa ya ƙi? A littattafanta goma sha ɗaya ba namijin da ya taɓa ƙin mace ba tare da ita marubuciyar ta san dalili ba, ga shi an ƙi ta ita da kanta kuma an bar ta a duhu.

Sai ta shiga jera masa dalilai kamar yadda take jera wa jarumanta. Mata gare shi a ɓoye? Ta tuna maɓallin rigarsa da aka ɗinke da zare mai wani launi daban, ta ce a'a, wannan gida ba mace. Wani ciwo yake ɓoyewa? Tsoron Yaya ne? Ko kuwa duk shekarun nan ita kaɗai take soyayyarta, shi gyaran haruffa kawai yake yi? Wannan na ƙarshen shi ya fi yi mata zafi.

Sau biyu ta bi ta layin shagon ta tsallaken titi, tana satar kallo. A na biyun ta tare telan da ke maƙwabtaka da shi ya fito sayen zare, ta bugi cikinsa da wayo.

"Lafiyarsa ƙalau," in ji tela. "Sai dai watan nan ban san me ya same shi ba. Shara sau biyu a wuni, kuma da ya ji takun mace a bakin ƙofa sai ka ga ya miƙe zumbur."

Wata yake jira ke nan, Auta ta yanke. Ta dawo gida tana ƙoƙarin zana fuskar matar a ranta, har da launin mayafi ta zaɓa mata. Komai ta bincika a watan nan, ban da takardar.

"Anti," ta ce yanzu, ta jingine dutsen guga, hawaye na taruwa mata. "Wallahi ba ƙin da ya yi ne ya fi cina ba. Rashin sanin dalilin ne."

Matar Yaya ta goge hannu ta zo ta zauna a hannun kujera. "To ki je ki tambaye shi mana."

"In ce masa me? Malam, me ya sa ba ka so na? Ni na fara buɗe baki, Anti. Ni mace. Na zubar da ajina a takarda, aka maido min da shi da fensir."

"Ki yi haƙuri, ƙanwata. Mai maganin nan ba shi da aibi. Zai riƙe ki."

"Na sani. Da yana da aibi ai da na sami abin faɗa wa Yaya." Ta share ido da bayan hannu. "Zan ce to. Me ya rage?"

Ƙarfe huɗu mai magani ya yi sallama, ya riga Yaya isowa. Mutum ne mai furfura a gefen kunne, tsaf-tsaf, da tabarau rataye a wuya. Ya ajiye ledar lemo, aka gaisa, matar Yaya ta kawo ruwa ta koma bakin ƙofar kicin, inda ake jin komai ba tare da an ce mutum yana saurare ba.

"Zan faɗa miki gaskiya," ya ce, "ban taɓa karanta littafinki ba. Amma ina so in san abin da ke cikin kan matar da nake nema. Waɗannan duk naki ne?"

Ya tashi ya tsaya gaban kantar, ya ɗora tabarau. Ya zata tarin soyayya zai gani. Sai ga ƙamus har uku, ga littafin gyaran keken ɗinki, ga labaran masu binciken kisa da suka sha hannu har bangonsu ya fita, ga ɗaurin tsofaffin jaridu da aka yanko shafin shari'o'i kawai. Ya buɗe wani gwangwanin biskit ya tarar da shi cike da takardun cikin kwalin magani.

"Su kuma waɗannan?"

"Ina son wurin da suke faɗin illa," in ji Auta. "Su kaɗai na sani masu gaya wa mutum gaskiya kafin ya haɗiye."

Ya yi dariya har kafaɗarsa na motsi. "Na soyayyar fa? Ko ɗaya ban gani ba."

"In na ɗauki na wasu sai in tsinci kaina ina yi musu gyara. Na fi son in karanta abin da mutane ke faɗa a gaban alƙali. A nan ake gane wanda ya taɓa son wani."

Ya daɗe yana kallonta, kuma ta ga ta burge shi. Abin ya ƙara mata nauyi a zuciya.

"Abu ɗaya zan roƙa," ya ce, ya sassauta murya. "Ni mutum ne mai kishi, ba zan ɓoye miki ba. Rubutun nan maza ma suna karantawa, suna shiga cikin tunaninki. In Allah ya sa kin shigo gidana, zan so a ajiye biro."

Kishi, Auta ta maimaita a ranta, irin wanda ba ƙugiya. Ta dubi teburin guga a bakin taga.

Shi kuwa hannunsa ya riga ya kai kan wani littafin 'yan makaranta da aka cusa a ƙarshen kanta. "Wannan da hannu aka rubuta. Daga ina ake fara shi?"

"Ita dai kowane littafi daga ƙarshe take farawa," matar Yaya ta jefo daga kicin. "Wai sai ta san wanda zai mutu kafin ta fara sonsa."

"To bari in bi ɗabi'ar masu gida," ya ce da murmushi, ya juya littafin.

Auta ta zabura. "Don Allah kada ka..."

Ya riga ya buɗe. Ta ga murmushin ya bar fuskarsa a hankali. Ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya mayar.

"Wane ne wannan?"

Kunya ta rufe ta har ta rasa inda za ta sa ido. "Maganar ta wuce. Ai ka ga amsar da ya bayar. Ya ƙi."

"Ya ƙi?" Muryarsa ta tashi. "Baiwar Allah, ni za ki gaya wa? Shekara ashirin da biyu ina karanta rubutun likitoci. In na ɗauki harafi ɗaya a madadin wani, rai zan kashe. Wannan kuwa rubutu ne mai tsabta. Haruffa huɗu a haɗe, ba tazara, kan k ɗin a miƙe yake. Naki ya rubuta! Wani ƙato ya rubuta miki naki, kin ajiye a falo, ni kuma ina zaune ina shan ruwa!"

Ta fizge littafin.

Ga shi nan da fensir, ƙanana, a tsare kamar an buga da inji: Naki. Sai a lokacin idonta ya hau sama, kan wasiƙarta ita kanta. A wuri biyu da ta rubuta "daya", fensir ya bi ya lanƙwasa wa d ɗin kai. Mutumin da aka aiko masa da maganar aure ya tsaya gyara mata haruffa, shi ne zai manta ƙugiya a amsarsa? Ita ce ke rubuta "na ƙi" haka, a haɗe ba ƙugiya, tun tana aji uku. Da hannunta ta karanta rubutunsa.

Matar Yaya ta leƙo ta kafaɗarta, ta dafe ƙirji. "Auta! Kalma ɗaya kika ce masa. Na ƙi ai biyu ce!"

Mai magani ya koma ya zauna daɓas. Sai yanzu ya gane abin da ya yi.

Ko a wannan hali Auta ba ta iya haɗiye tambaya ba. "Me ya sa ka faɗa min? Da ka yi shiru..."

"Kishi ne ya riga hankalina magana," ya ce yana kallon ledar lemonsa. "Yau na ba da maganin da ba a tambaye ni ba."

"Ka yafe ni," ta ce, kuma har ranta ta faɗa.

Ta ja mayafi ta zura takalman da ta fara samu a bakin ƙofa, na matar Yaya ne, sun yi mata yawa. Tana jin ana kiranta, wai Yaya na hanya, ba ta waiwayo ba.

Shagon yana nan yadda ta bar shi, matsattse, tsakanin tela da mai yankan makulli. Tebur ɗaya, kwamfuta, firinta, gwangwanin fensira. Sai dai abu biyu da ba ta sani ba: wata farar riga a goge cikin leda, rataye a ƙusa bayan ƙofa, da wata 'yar takarda da aka liƙa a gefen kwamfutar.

Yana jin takunta ya miƙe zumbur, fensiran suka watse a ƙasa.

"Ra-ra-ranar," ya ce. "Kin ka-kawo ranar?"

Nan kukan da ta zata ya ƙare ya dawo sabo. Ta buɗe littafin ta ajiye a gabansa. "Na ɗauka ka ƙi. Wata guda ina cewa ka ƙi ni."

Ya dubi shafin, ya dube ta, da mamakin gaske a fuskarsa. "I-ina ƙu-ƙugiyar?"

"Babu."

"To?"

Dariya ta kubce mata a tsakiyar kuka. "To me ya hana ka nemo ni? Wata guda, Malam! Ba ka ce bari in ji ko matar nan ta mutu ba?"

Ya sunkuya ya ɗauko fensir zai rubuta. Ta janye littafin.

"A'a. Da baki. Ko zai kai gobe zan jira."

Ya ɗauki lokaci, ita kuma ba ta ƙarasa masa ko kalma ɗaya ba.

"Ke-ke kika ce za ki ka-kawo ranar. Na ga kin wu-wuce sau biyu ta tsallake, ba ki shigo ba. Na ce kin sa-sake shawara." Ya dubi rigar da ke rataye. "Ni ba-ba na gyara abin da ba a ba ni ba."

Ba ta kai ga amsawa ba mota ta ci burki a waje. Yaya ya cika ƙofar shagon, ko jakar aikinsa bai ajiye ba.

"Ke Auta! Kin bar min baƙo a falo kin fito titi da takalman matata? Wannan wane irin cin mutunci ne?" Ya juya kan Malam Ƙugiya. "Kai ne?"

Malam Ƙugiya ya saci kallon 'yar takardar da ke liƙe. Auta ta bi idonsa, ta gane: maganar da zai faɗa wa Yaya ce ya buga, wata guda yana bita. Sai ya sa hannu ya ɓalle ta, ya dunƙule a tafinsa.

"Ni-ni ne, Yaya. Ina so-son ƙanwarka da aure." Gumi ya tsattsafo masa a goshi. A shagon tela keke ya tsaya cak. "Sha-shagona ƙarami ne. Ba-bakina ma ka ji shi. Amma shekara ba-bakwai ban taɓa barin ku-kuskurenta ya fita waje ba."

Yaya bai katse shi ba, amma fuskarsa ba ta saki ba.

"Gidana na ce ka zo, ba ni in zo shagonka ba. Kuma wa'adi ya cika." Ya juya kan ƙanwarsa. "Mutumin da ke zaune a falona, shekara talatin muna tare. Ni na ba shi baki. Ki ba ni amsar da zan kai masa yanzu. Za ki aure shi?"

Tunda take ba ta taɓa ce wa Yaya a'a ba. Shi ya kai ta makaranta, shi ya je ya ɗauko ta da akwatunanta ranar da aurenta ya mutu. Ta buɗe baki, ita mai littafi goma sha ɗaya, ta nemi magana ta rasa. Yau ita ce mai i'ina.

Ta sunkuya ta tsinci fensir ɗaya a ƙasa, ta yagi takarda daga littafin. Ta rubuta "Na", ta bar tazara mai faɗi, ta rubuta "ki". Sannan ta koma kan k ɗin a hankali, ta lanƙwasa masa kai. Wannan ce ƙugiya ta farko da ta taɓa sa wa harafi a rayuwarta.

Ba Yaya ta fara miƙa wa ba.

"Malam, duba min."

Ya kusanto da takardar fuskarsa, ya duba ta yadda yake duba kowane aiki.

"Ta za-zauna daidai."

Sai ta rusuna ta miƙa wa Yaya da hannu biyu. Yaya ya ajiye jakarsa a kan firinta, ya shiga laluben tabarau a aljihu.